Yadda likitoci ke leƙa cikin kifi ba tare da an farke shi ba

Me ya sa za a ɗauki hoton cikin kifi?

Kifi ba ya nuna inda ke masa ciwo, kuma a da hanyar da aka fi bi wajen gano cutarsa ita ce a yanka shi a duba hanta da hanji, wato sai ya mutu kafin a san abin da ya same shi. Hoton asibiti ya ba likitan dabbobi damar ganin ƙari, ko ƙugiyar da kifi ya haɗiye, ko karkacewar ƙashin baya, alhali kifin yana da rai.

Waɗanne na'urori ake amfani da su?

Su ne dai waɗanda ake duba mutane da su. Eksire, wanda Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a 1895, yana fito da ƙaya sarai, haka nan jakar iskar da ke riƙe kifi a tsakiyar ruwa, domin iska baƙi take fitowa a hoton. Sikanin irin na masu juna biyu ya fi dacewa da hanta da ƙwai, kuma ba a buƙatar shafa mai a jikin kifin, tun da ruwan da yake ciki yana isar da sautin. Sai dai sautin ba ya ratsa jakar iskar, ɓawo mai kauri ma yana dushe hoton, shi ya sa tarwaɗa mai sulɓin jiki ta fi sauƙin dubawa. Na'urar CT kuwa tana nuna jikin kashi-kashi.

Ta yaya kifi zai tsaya cik, kuma ya zai yi numfashi?

Ana zuba maganin sa barci a ruwan, galibi MS-222 ko man kanumfari, har kifin ya daina motsi. A 2023, a gidan namun daji na Denver da ke Amurka, an ɗora wani kifin ado da ke iyo a karkace a kan soso, ana zuba masa ruwa a gaɓoɓin numfashinsa aka shigar da shi na'urar CT, hoton kuma ya nuna kumburin hanji ne ya tara masa iska a ciki.

Masu kiwon kifi suna amfana?

Ƙwarai kuwa, musamman masu kiwon stajin, kifin da ake sayar da ƙwansa da tsadar gaske. Ba a bambance namiji da macen stajin da ido tun suna ƙanana, ga shi sai sun shekara da yawa kafin macen ta yi ƙwai, don haka sikanin ke hana mai gona ciyar da maza a banza. A ganina masu ƙyanƙyasar tarwaɗa a Najeriya ma sun cancanci wannan na'ura, ko da ta haɗin gwiwa ce, domin har yanzu da latsa ciki ake kintatar nunar ƙwai kafin a yi wa macen allurar da ke sa ta saki ƙwan.