Mene ne abin kiran talotalo, kuma me ya haɗa shi da rezin?

Mai yawan leƙa YouTube ko Instagram zai iya cin karo da irin bidiyon nan. Bature ne a garejinsa, ya ɗaura wani dunƙule mai ruwan shuɗi da ruwan zuma a kan inji yana juyawa, siraran zaruruwa kamar taliya suna tashi suna maƙale masa a gemu. Can sai ga wani ɗan kasko mai ƙyalli ya fito. Ya ɗauko ɗan tsinke ya goga a kai, sai ka ji "kyauk, kyauk, kyauk". Wannan abin shi Amurkawa ke ce wa turkey call, wato abin kiran talotalo. Kalmar ta haɗe duk wani kayan da mafarauci zai kwaikwayi kukan talotalo da shi.

Mu da muka san talotalo a tsakar gida yana fankama, abin zai ba mu dariya. A Amurka kuwa akwai na daji, mai tashi sama ya kwana a kan bishiya, ga ido kamar na shaho. Ba a iya masa sanɗa. Ana farautarsa galibi a watannin Afrilu da Mayu, lokacin barbara, kuma dabarar duka ta ginu ne a kan yaudara guda. A ɗabi'arsu, namiji ne ke tsayawa ya yi ta kururuwa, mace ta zo ta same shi. Mafarauci sai ya zauna a gindin bishiya ya yi kukan macen da ta ƙi zuwa, har gogan ya ƙosa ya taho da ƙafarsa. Maharban ƙasar Hausa da ke ɗaura kan burtu su rarrafa cikin ciyawa sun san wannan karatun, bambancin kawai su ido suke ruɗa, waɗancan kunne.

Tsuntsun ya kusa ƙarewa a wajen shekarun 1930 saboda sare dazuka da harbi ba ƙaƙƙautawa. Da aka gano dabarar kama na daji da raga ana kai su inda suka ɓace, sai suka farfaɗo, yanzu ana ƙiyasta sun kai kusan miliyan 6, kuma ana samun su a kowace jiha ban da Alaska. Ƙungiyar masu kula da talotalon daji ta Amurka, National Wild Turkey Federation, wadda aka kafa a 1973, tana babban taro duk shekara a birnin Nashbil, inda ake gasar iya kira da kuma gasar ƙera abin kiran kansa.

Abin kiran iri-iri ne. Mafi tsufa shi ne na ƙashin fiffiken talotalo da ake tsotsa, wanda 'yan asalin ƙasar suka yi amfani da shi tun dubban shekaru. Akwai na akwati, ɗan dogon katako mai murfi da ake shafa wa alli a goga, wanda Henry Gibson na jihar Akansas ya yi wa rajista a 1897. Akwai kuma wata 'yar roba da ake liƙawa a ganɗa a hura. Wanda ya shafe mu a nan shi ne na kasko, domin shi ne da'ira, shi ake feƙewa a injin juyi.

Kaskon bai wuce tafin hannu ba. A bakinsa ake manna faifai mai faɗin inci 3.5, na dutsen allo ko gilas ko alminiyom ko jan ƙarfe. A ƙarƙashin wannan faifan, inda ido ba ya gani in saman dutse ne, akwai wani ƙaramin faifan zaune a kan ɗan tudu, shi ke amsa amo, sannan a huda ramuka a gindin kaskon don sauti ya fita. Tazarar da ke tsakanin faifan sama da na ƙasa 'yan milimita kaɗan ce, amma a nan gwanintar take. In ta sauya da ƙiris, ko gam ya yi yawa, kukan ba zai karye daga siriri zuwa kauri ba, wannan karyewar kuma ita ce muryar macen talotalo.

To ina rezin ya shigo? Asalin kalmar tana nufin ƙaron da ke tsatsowa daga jikin bishiya, amma a bakin masu wannan sha'awa ruwa biyu ne na kamfani, kowanne a kwalbarsa, da ba sa daskarewa sai an haɗa su. In an auna daidai aka gauraya, sai su ɗau zafi su zama roba mai tauri, garau kamar gilas. Mai ƙira yakan samo guntun itace mai kyawun zane, musamman irin kumburin nan da ke fitowa a jikin bishiya, wanda da can sai dai murhu saboda ramuka da tsaga. Sai ya busar da shi ƙarau, ya sa a mazubi, ya zuba wa rezin garin launi mai walƙiya, ya kwarara a kai har ya cike kowane lungu.

Daga nan fa sai gaggawa. Wani nau'in rezin, irin na kamfanin Alumilite da maƙeran suka fi ambata, 'yan mintoci kawai yake ba mutum kafin ya fara kama jiki. Dole a jefa mazubin cikin tukunyar ƙarfe, a ɗaure murfi tamau, a ɗura iskar da ta zarce ta tayar mota. Iskar ba ta fitar da kumfa, matse ta take yi har ta ƙanƙance ido ya daina ganinta, rezin ya daskare a haka. Idan kuwa akwai ragowar laima a itacen, abin da za a buɗe a tarar shi ne farar kumfa kamar ta sabulu, an yi asarar itace da kuɗi.

Feƙewar ma da nata hali. Katako yana yafe wa mai garaje, rezin ba ya yafewa: a danna ƙarfe da ƙarfi sai ya ɓantare. Ana bin sa a hankali da kaifi, sannan a shiga guga da sanfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, ana yayyafa ruwa, har dusu-dusun ya washe launin ya fito kamar ana leƙa cikin tafki. Ƙurarsa ba ta huhu ba ce, sai da takunkumi.

Ko rezin yana gyara sauti? Maƙeran ba su daina musu a kai ba. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne ya fi yawancin itatuwa nauyi da tauri, don haka amonsa kan fi kaifi, kuma ba ya kumbura in an yi ruwa. Ni dai a ganina, kashi mafi yawa na wahalar nan don idon mai saye ake sha, shi ya sa wasu kaskon ba su taɓa shiga daji ba, suna jere a kanta a falo. Wanda za a fita da shi kuwa, duk ƙyallinsa, abin da mafarauci zai fara yi da asuba shi ne ya ciro guntun sanfefa daga aljihu ya kankare saman faifan, domin in ya yi santsi tsinken zamewa kawai zai yi, ba kuka.