Ciwo bayan jinyar ruɓewar haƙoran yara

Haƙoran yarinta guda 20 ne, kuma turamen ciki ba sa faɗuwa sai yaro ya kai shekara 10 zuwa 12, don haka ba a barin kogo a cikinsu ana jiran famfara. Hanyoyin jinya sun bambanta, haka ma zafin da ke biyo bayansu.

Tsohuwar hanya ita ce a yi allurar kashe zafi, a rarake ruɓar da inji, a yi ciko. Abin da ya fi wahalar da yaro a nan shi ne allurar da ƙarar injin. Bayan an tashi kuma leɓe yakan mutu na 'yan sa'o'i, yaro ya yi ta taunarsa bai sani ba, washegari a ga kumburi.

A dabarar ART, wato ciko ba tare da inji ba, wadda likitan haƙori Jo Frencken ya fara a Tanzaniya cikin shekarun 1980, da kayan hannu ake kankare ruɓar, galibi ba allura. A dabarar Hall, mai ɗauke da sunan likita Norna Hall ta Scotland, hular ƙarfe ake danna wa turmin ba tare da an taɓa ruɓar ba, sai ƙwayoyin cutar su rasa abinci. Yaro yakan ji haƙorin ya takura, cizonsa ya yi tudu, amma cikin makonni yana daidaita. Ruwan SDF kuwa, wani magani mai sinadarin azurfa da ke tsayar da ruɓa, shafawa kawai ake yi, aibinsa shi ne yana baƙanta wurin.

Auna zafin yaro aiki ne mai wuya, domin tsoro da ciwo sukan cakuɗe masa. Akan nuna masa ma'aunin Wong-Baker, fuskoki shida daga mai murmushi zuwa mai hawaye, ya nuna tasa da yatsa.

Gwajin FiCTION na Birtaniya ya bibiyi yara fiye da 1,000 na kusan shekara 3, ya kwatanta ciko, da rufe ruɓa kamar yadda ake yi a dabarar Hall, da rigakafi kaɗai, bai kuma ga wani bambanci bayyananne ba wajen ciwo ko ƙurji daga baya. Zurfin ruɓar ya fi yin tasiri. In ta isa jijiya, har yaro na farkawa da kuka cikin dare ko dasashi ya tara mugunya, rufe haƙorin kuskure ne. Sai a yi jinyar jijiyar ko a cire shi.