Awon ragowar fitsari a mafitsarar mace

Ragowar fitsari shi ne abin da ya saura a mafitsara bayan mace ta gama fitsari. Mafitsarar babba tana ɗaukar kamar mililita 400 zuwa 600, kuma in lafiya lau ne kusan duka take fitarwa. Ƙasa da mililita 50 ba matsala, a tsofaffi har zuwa 100 ana ɗauka ba komai, amma in ya wuce 200 to likitoci suna cewa mafitsarar ba ta zubarwa yadda ya kamata. Abin da ya sa awon ke da muhimmanci shi ne ita macen sau da yawa ba ta jin komai, wata ma ɗigar fitsari ce ke kai ta asibiti alhali mafitsarar ce ta cika har take tumbatsa.

Hanyar yin awon biyu ce. Ko a sa robar fitsari a zuƙe abin da ya rage a auna, wannan ya fi daidai amma akwai ɗan zafi kuma yana iya shigar da ƙwayar cuta, ko kuma a ɗora na'urar sikanin a mara ta lissafo yawan ruwan. Kowacce aka zaɓa dai a yi cikin minti 10 da gama fitsarin, don ƙoda ba ta daina aiki.

To a mata sikanin nan yana ruɗuwa fa, ƙari mai ruwa a ƙwan mace ko ƙarin mahaifa ko ruwa a ciki ko juna biyu duk na'urar tana iya ɗaukarsu a matsayin fitsari ta ba da adadi mai yawa, shi ya sa ba a yanke hukunci da awo ɗaya, sai a maimaita ko a tabbatar da roba.

Abubuwan da ke kawo ragowar sun haɗa da zazzagowar mahaifa ko mafitsara, ciwon suga da ya taɓa jijiyoyi, rauni a laka, wasu magunguna, taurin bayan gida, tiyatar hana ɗigar fitsari, sai kuma haihuwa, musamman doguwar naƙuda da allurar kashe zafi da ake yi a kashin baya. Mai jego da ta yi awa 6 ba ta yi fitsari ba ya kamata a duba ta, domin fitsarin da ya kwanta yana jawo ciwon sanyin mafitsara mai dawowa, in ya daɗe har ƙoda yake taɓawa.