Hanyar keke zalla a bakin kogi da cikin daji: tambayoyin rumfar mai faci

Ranar Asabar tayata ta baya ta sace a Samaru, na tura keken zuwa rumfar mai facin da na saba. Ana jiran sholisho ya sha iska sai ɗan ƙanwata ya miƙo min waya: wani tsoho da matarsa, Turawa, suna tafe a kan keke a bakin wani ƙaton kogi, jakunkuna rataye a kariya, ba mota ko ɗaya a gaba ko a baya. Wayar ta zagaya rumfar, tambayoyi suka yi ta zuwa. Ga su nan, da amsoshin da na bayar, da abin da na tuna bayan na koma gida.

Kawu, rufe titin aka yi don wani biki, ko haka yake kullum?

Haka yake kullum. Kogin Danube ne, wanda ya taso daga Jamus ya ratsa ƙasashe 10 kafin ya faɗa Baƙin Teku. Ɓangaren da ya fi suna shi ne daga garin Passau na Jamus zuwa Vienna, babban birnin Ostiriya, kimanin kilomita 320. Yawanci a mako guda ake cinye shi, kilomita 50 ko 60 a yini, a kwana a masauki, gari ya waye a ci gaba. Ba kowane taku ne babu mota ba. A wasu wurare hanyar takan shiga titin ƙauye kafin ta koma gaɓar ruwa. Amma mafi yawanta na masu keke ne da masu tafiya a ƙasa.

Ita kanta reshe ce ta wata babbar hanya. Turai na da jerin dogayen hanyoyin keke 17 da ake kira EuroVelo, kowace da lambarta. Ta 6 ta tashi daga gaɓar Tekun Atlantika a Faransa, ta bi kogin Loire, ta taɓa Rhine, sannan ta kama Danube har Romaniya.

Malam, me ya sa sai bakin kogi? Ba su da fili ne?

Mai facin ne ya yi wannan, kuma ita ce tambayar da ta fi min daɗi. Ruwa ba ya hawan tudu. Duk wanda ya bi kogi ya bi hanya mafi sauƙi da Allah ya shimfiɗa a wannan ƙasa. Tsakanin Passau da Vienna gangarar gaba ɗaya ba ta kai mita 200 ba, shi ya sa kusan kowa ke bin inda ruwan ya nufa, kuma shi ya sa tsohuwar cikin bidiyon ba ta haki.

Sannan hanyar ba sabuwa ba ce. Kafin a sami jirgin ruwa mai inji, dawaki ne ke jan jiragen kaya da igiya idan za a nufi inda ruwan ke fitowa, suna tafe a gaɓa. Inji ya zo, dawaki suka huta, turbar ta rage. Ita aka gyara aka zuba wa kwalta. A Amurka ma haka: akwai tsohuwar hanyar ruwa da aka haƙa, mai suna C&O, wadda alfadarai ke jan jirage a cikinta, turbarta ta kusan kilomita 300 daga Washinton zuwa Cumberland, yau ta masu keke ce. Ƙari a kan haka, garuruwa a bakin ruwa suke zama, don haka abinci da makwanci ba sa nisa.

To cikin daji fa, inda ba kogi?

Nan kuma gawar layin dogo ake bi. Jirgin ƙasa ba ya iya hawa mai tsanani, saboda haka tun wajen gina layin an riga an fasa duwatsu, an cike kwari, an kafa gadoji. Idan jirgi ya daina bi, sai a kwashe ƙarafan a daddaɓe ƙasa. Daga Cumberland ɗin nan akwai irin wannan hanya ta kilomita 240 har Pittsburgh, ta cikin dazuzzuka da ramukan da aka huda a dutse. In ka haɗa ta da turbar alfadaran ka sami kusan kilomita 540 da ba ka goga kafaɗa da mota sai a 'yan wurare. Akwai Vennbahn, kilomita 125 daga Aachen ta Jamus, ta ratsa Beljiyam zuwa Luksambag. Sifaniya ta fara mayar da matattun layukanta hanyar keke tun 1993.

A nan ne wani dattijo da ke gefe, wanda tun ɗazu bai ce uffan ba, ya ce ai mu ma mun taɓa yin jirgin da ya mutu. Gaskiyarsa. Daga Zariya akwai siririn layin dogo da Turawan mulki suka shimfiɗa don kwaso kuza, ya isa Rahama a 1912, ya kai Jos da Bukuru a 1914, aka rufe shi a 1957. Faɗinsa ƙafa biyu da rabi ne kacal. Da a ƙasashen can ne, da yanzu akwai allo a kowace tsohuwar tasha, da mai sayar da shayi a gindinsa. Mu namu gonaki da titi da gidaje sun shanye shi. Ba na zargin kowa. A 1957 wa zai yi tunanin yawon keke alhali keken ne motar talaka?

Turawa ne kawai ke wannan abin?

A'a. Koriya ta Kudu ta buɗe tata a 2012, kilomita 633 daga Incheon zuwa Busan, kusan duk a bakin koguna. Akwai ɗan littafi da ake saya, kana isa kowane zango ka shiga wata jar rumfa ka buga hatimi da kanka.

Yaya, irin keken nan namu, Phoenix mai giya ɗaya, zai iya?

A shimfiɗaɗɗiyar hanya zai iya sarai. Keken da ke ɗauko buhun masara daga Giwa ba jakar kaya ce za ta gagare shi ba. Abin dubawa shi ne birki, da sarƙa, da sirdi, domin ranar farko ƙafa ba ta cika kuka ba, mazaunai ne. A ɗaura kaya a kariya, kada a goya a baya. A riƙe famfo, da tub na canji, da faci, da ruwa fiye da yadda ake zato. A ƙasarmu babban abokin gaba tsidau ne: ƙayarsa ba ta kai ƙwayar wake ba, amma takan huda taya wuri uku a tafiya ɗaya, kamar yadda ta yi min a ranar.

Mu nan Zariya ina mutum zai bi?

Hanyar da aka keɓe wa keke da sunan keke, ban san da ita ba a garin nan, amma abin da ake yin ta da shi muna da shi. Kubanni ta ratsa harabar Jami'ar Ahmadu Bello inda aka datse ta, ta wuce tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada, ta faɗa Galma. Galma kuwa fadama ce shimfiɗe, ga rake ga lambunan tumatir da albasa, ga turbobin manoma a tsakaninsu. Da sanyin safiya a watan Disamba, hazo kwance a kan ruwa, masu ban-ruwa na tayar da injinansu, za ka yi rabin awa ba ka ji hon ba. Ga kuma ɓangaren Kufena ga mai son ganin dutse.

Lokacinsa daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da damina laka takan cushe tsakanin taya da madigadi har keken ya ƙi motsi, a bazara kuma in ka kai ƙarfe goma a waje ka shiga uku. Turbar ta masu gona ce, ba taka ba: ka yi sallama, ka sauka idan shanu sun taso a burtali, kada ka taka kunya. A kula da tifofin yashi a mashigun kogi.

Daji kuwa, ba zan yaudari kowa ba. Halin tsaro a dazuzzukan yammacin Zariya, daga Giwa zuwa Birnin Gwari, ba ɓoyayye ba ne. Ba wurin yawon shan iska ba ne a yanzu. A tsaya inda ake ganin rufin gidaje, a tafi cikin ayari, a faɗa wa na gida inda aka nufa, a dawo kafin la'asar sakaliya.

In gwamnati ta ga dama, wuya ne ta yi mana irinta?

Shimfiɗawar ba ta kai tsarewar wuya ba. A can turaku ake kafawa a bakin hanya, tazararsu ta ishi keke amma ba ta ishi mota ba. Mu matsalarmu babur: duk inda keke ya shige, ɗan acaɓa ma ya shige. Wata rana a Kwangila wani mai bas ya matse ni har na faɗa kwata da keken, bai ko waiga ba, don haka na san daɗin hanyar da ba injin a kanta. Amma in ba mai gadi, kuma mutanen unguwa ba su ɗauke ta tasu ba, mako biyu ya isa ta zama tashar A Daidaita Sahu. Ni da za a ji tawa, da kilomita biyar aka fara a gaɓar Kubanni, inda ɗalibai da 'yan makaranta za su cika ta tun ranar farko.

To Malam, su wa ke musu faci a can?

Mai facin ya riga ya mayar da tayata yana ba ta iska lokacin da ya yi wannan tambayar. Na ce masa akwai shagunan gyara a garuruwa, amma yawanci kowa shi ke yin abinsa, har ma a Jamus akwai akwatunan ƙarfe manne a bango, ka jefa kuɗi tub ya faɗo, dare ko rana. Ya tsaya da famfon a hannu, ya dube ni.

"Allah ya raba mu da wannan akwati," in ji shi. "Faci uku ne, Malam, ba biyu ba."