Karatun Zangon Bazara a Jami'o'in Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Mene ne ake nufi da zangon bazara?

A yawancin jami'o'in Amurka, shekarar karatu zango biyu ce, ɗaya daga ƙarshen Agusta zuwa Disamba, ɗayan kuma daga Janairu zuwa farkon Mayu, kowanne kimanin mako 15. A cikin dogon hutun da ke biyo baya ne jami'o'i kan buɗe gajeren zango na mako shida ko takwas, wanda ba dole ba ne ga mafi yawan ɗalibai. Bazarar tasu, wato Yuni zuwa Agusta, ta yi daidai da daminarmu ce. Tsarin ya daɗe, domin Jami'ar Harvard ta fara nata tun 1871. Mai kama da shi a gida shi ne karatun dogon hutu da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke shirya wa malaman makaranta.

Tunda gajere ne, ai ya fi sauƙi ko?

A nan ne ɗalibai da yawa suke yaudarar kansu, kuma nan ne ya fi damuna. Ba a rage komai daga cikin kwas ɗin ba, lokacin kawai aka matse. Kwas mai kiredit uku (kiredit shi ne ma'aunin nauyin kwas da ake tarawa don samun digiri) yana cin kimanin awa 45 a aji, wato awa uku a mako idan zangon na mako 15 ne. Idan aka dunƙule shi a mako shida, ya koma awa bakwai da rabi, kuma ƙa'idar da aka saba ita ce kowace awa ɗaya ta aji tana buƙatar awa biyu na nazari a ɗaki. Ke nan kwas ɗaya tak yana neman fiye da awa 22 a mako, biyu kuwa awa 45, wanda ya zarce aikin cikakken ma'aikaci.

A aikace, ɗalibi zai shiga aji ranar Litinin a ba shi babi biyu, kafin Juma'a an yi gwajin farko, a mako na uku kuma ga jarrabawar tsakiyar zango ta iso alhali littafin bai ko tsufa a hannunsa ba. Wanda zazzaɓi ya kwantar mako ɗaya ya yi asarar abin da ya kai mako biyu da rabi na zangon da aka saba.

To, wa ya kamata ya shiga?

Wanda yake da dalili bayyananne. Akwai ɗalibin da ya faɗi kwas ɗin da sai an ci shi ake wucewa na gaba, kamar lissafin shekarar farko ga mai karatun injiniya, wanda idan bai gyara a bazara ba zai ja masa jinkirin zango guda ko fiye. Akwai kuma wanda ya sauya fanni yake son ya cimma sa'o'insa, da wanda kiredit kaɗan suka rage masa daga 120 ɗin da digirin farko ya saba buƙata. A ganina, kwas mai ɗakin gwaje-gwaje ko mai karatu da yawa ya fi kyau a ɗauke shi shi kaɗai, ga shi a bazara ajin ba cunkoso, malami kuma ya san kowa da sunansa. Wasu wuraren ma wajibi ne: jami'o'in gwamnatin jihar Florida suna buƙatar kiredit tara na bazara daga wanda ya shigo da ƙasa da kiredit 60, Kwalejin Dartmouth kuma tana tsammanin ɗalibanta su zauna bazarar da ke bayan shekararsu ta biyu.

Yaya batun kuɗi?

Galibi ana biya ne bisa yawan kiredit, kuɗin ɗakin kwana kuma daban. Tallafin karatu da yawa zango biyu kawai yake ɗauka, saboda haka a tambayi ofishin tallafi tun kafin rajista. Tallafin Pell na gwamnatin tarayyar Amurka ya koma ɗaukar bazara tun 2017, amma ba ya shafar masu bizar karatu.

Ɗalibin ƙasar waje mai bizar karatu ta F-1 fa?

Bazara hutunsa ce a doka, ba sai ya yi rajista ba, sai dai idan ita ce zangonsa na farko, ko kuma na ƙarshe da zai kammala a cikinsa, inda ƙa'idoji suke canzawa. A lokacin hutu yana iya yin aiki a cikin jami'a fiye da awa 20 da aka iyakance masa a mako lokacin karatu, don haka duk kwas ɗin da ya ɗauka yana rage masa abin da zai tara na haya da abinci.

Zan iya yin kwas ɗin a wata makaranta mai rahusa?

Ana yi sosai, musamman a kwalejojin al'umma masu karatun shekara biyu. Sai dai jami'ar da za ta ba da digiri ita ce mai cewa ta karɓa ko ba ta karɓa ba. Da yawa suna sharaɗin a sami aƙalla sakamakon C, kuma sau da dama kiredit ɗin ne kawai ke shiga, makin ba ya ɗaga matsakaicin sakamakon ɗalibi, abin da ke ɓata lissafin mai son goge faɗuwa. Kafin ka biya ko dala ɗaya, ka kai wa mai ba ka shawara kan karatu sunan kwas ɗin da manhajarsa, ka karɓi amincewar ofishin rajista a rubuce.