Kogin Misau

Kogin Misau kogi ne na damina a arewacin jihar Bauchi. Kanuri suna kiransa Komadugu Gana, wato ƙaramin kogi, kuma da wannan sunan aka fi saninsa a taswira. Yana tasowa daga tuddan da ke arewa da garin Bauchi, ya nufi arewa maso gabas ta Kari da ƙasar Misau, ya ratsa jihar Yobe ta wajen Dapchi, sannan ya haɗu da kogin Yobe kusa da Damasak a Borno. Daga nan ruwan ya zarce Tafkin Chadi.

Da damina, musamman a watan Agusta, kogin kan cika ya tumbatsa, ya malala cikin fadamu. A lokacin ƙauyukan da ke ƙetare sai da fito ake isa gare su, mai zuwa kasuwa kuma dole ya jira mai kwalekwale. Shekarar da ruwa ya yi yawa, ambaliya kan ci gonakin shinkafa da gidajen ƙasa na bakin gaɓa.

Amma wanda ya san kogin da rani ya san inda amfaninsa yake. Ruwa na janyewa bayan kaka, ya bar yashi da 'yan tafkuna nan da can, baƙo ya ce kogi ya mutu. Bai mutu ba, ya shige ƙarƙashin yashi ne. Mata da yara kan tona rami, ruwa ya tsattsafo, su kwarfa da ƙwarya su cika tulu. Masu lambu suna haƙa gajerun rijiyoyi, su sa injin ban-ruwa a inda kakanninsu suka yi aiki da jigo, su noma albasa da tumatir da tattasai. Fulani ma nan ne mashayar shanunsu, shi ya sa duk lambun da ya toshe burtali yakan zama sanadin zama a gaban mai gari.

A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, kusa da kogin a ɓangaren Yobe, ya ci karo da wani kwalekwale binne a ƙasa. Tsawonsa ya kai mita 8, masana kuma sun ƙiyasta shekarunsa da kusan 8,000, wato shi ne mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka.