Nelson Riddle

Nelson Riddle (1 ga Yuni, 1921 zuwa 6 ga Oktoba, 1985) Ba'amurke ne mai tsara kiɗa, jagoran ƙungiyar makaɗa, kuma mai rubuta kiɗan shirye-shiryen talabijin da finafinai. An haife shi a garin Oradell na jihar New Jersey. Tun yana yaro ya fara da piyano, daga baya ya koma busa tirombon, wani kakaki na tagulla mai hannu da ake ja ana turawa. A 1944 ya shiga ƙungiyar makaɗa ta Tommy Dorsey, sannan ya yi aikin soja na ɗan lokaci. Da ya fito sai ya tafi Los Angeles, ya zauna gaban Mario Castelnuovo-Tedesco, mai rubuta kiɗa ɗan Italiya, ya koyi yadda ake raba wa kayan kiɗa aiki.

Sana'ar mai tsara kiɗa ba ta fitowa fili. Wani ne ya rubuta waƙar, wani kuma zai rera. Shi aikinsa ya zauna da takarda ya yanke inda gogen Turawa za su shigo, inda masu busa za su yi shiru, da saurin da ganga za ta bi, har muryar mawaƙi ta samu wurin zama. A 1950 Riddle ya tsara wa mawaƙi Nat King Cole waƙar "Mona Lisa", ta yi kasuwa sosai, amma sunan Les Baxter, wanda ya ba shi aikin, aka sa a kan faifan. Da Cole ya gano mai aikin na gaskiya, sai ya riƙe shi, suka daɗe suna aiki tare a kamfanin faifai na Capitol.

A 1953 aka haɗa Riddle da mawaƙi Frank Sinatra, a lokacin da tauraruwar Sinatra ta dusashe. A nan ne gwanintarsa ta fi bayyana. Faifan In the Wee Small Hours na 1955 kiɗa ne mai sanyi na kaɗaici da dare, na 1956 kuwa, Songs for Swingin' Lovers!, na rawa ne. A cikinsa akwai "I've Got You Under My Skin": kiɗan yana farawa a hankali, yana ta taruwa kamar hadari, har Milt Bernhart ya fashe da tirombon, sannan muryar ta dawo. Wanda ya saurara da kunnen basira zai ji cewa Riddle bai taɓa barin makaɗa su danne mawaƙi ba. Sai mawaƙi ya ja numfashi suke amsawa. A 1959 ya yi wa mawaƙiya Ella Fitzgerald tsarin waƙoƙin da George da Ira Gershwin suka rubuta.

A talabijin ya rubuta kiɗan The Untouchables, wanda aka fara nunawa a 1959, da taken Route 66 na 1960, wanda ya fita daga talabijin ya yi suna a kan faifai. A shirin Batman na 1966, taken na Neal Hefti ne, amma Riddle ya rubuta kiɗan da ke rakiyar faɗa da guje-guje a cikin shirin. Irin wannan aiki na gaggawa ne, mako bayan mako, kiɗa ya dace da hoto daƙiƙa da daƙiƙa. Kiɗan fim ɗin The Great Gatsby na 1974 ya ba shi lambar yabo ta Oscar.

Kiɗan rok ya sa kasuwar irin salonsa ta ja baya, har mawaƙiya Linda Ronstadt ta neme shi. Sun yi faifai uku: What's New a 1983, Lush Life a 1984, da For Sentimental Reasons, wanda ya fito a 1986 bayan rasuwarsa. Ya rasu a Los Angeles yana da shekara 64, bayan fama da ciwon hanta.